Miya Tana Zaƙi? Fashin Baƙi Kan Daɗi, Zaƙi Da Garɗi

Shin daidai ne a ce miya ta yi zaƙi, alhali ba a sa mata sukari ko zuma ba? Gardama ce da ke yawan tashi a gidajen biki da majalisun hira a Katsina, takan kuma ƙara zafi da azumi, lokacin da shirye-shiryen girki da tallan kayan miya ke cika rediyo da wayoyin mutane. Wasu na cewa kuskure ne, zaƙi na rake ne da dabino, miya kuwa daɗi take yi. Wasu na cewa a bakin iyayensu suka ji zaƙin miya da zaƙin nama, don haka ba mai raba su da shi. Ga kuma masu talla da suka mayar da komai "mai ɗanɗano", har kalmomi irin su garɗi da bauri da gafi suka fara yi wa yara wuyar ganewa.

Maganar ta wuce gyaran Hausa. Mai girkin da ba ta bambance waɗannan kalmomi ba, da wuya ta gane abin da ya ɓata mata tukunya, sai ta yi ta ƙara magi. Mara lafiyar da likita ya ce ya rage zaƙi ko gishiri kuwa, sau da yawa yakan koma gida da fahimtar da ba ita likitan ke nufi ba.

## Ɗanɗano daban, daɗi daban

Ɗanɗano shi ne duk abin da baki ya ji idan wani abu ya shige shi, mai kyau ne ko mara kyau. Maganin zazzaɓi yana da ɗanɗano, haka ruwan rijiya mai zartsi. A asali "mai ɗanɗano" ba yabo ba ne, masu talla ne suka ɗora masa wannan nauyi.

Daɗi kuwa hukunci ne da mai ci ke yankewa bayan harshe da hanci da haƙora sun gama aikinsu. Shi ya sa ba abinci kaɗai ke da shi ba: barci na daɗi, hira na daɗi, iskar damina na daɗi. Ruwan sha mai kyau ma ruwan daɗi ake ce masa, ko da yake babu zaƙi a cikinsa ko kaɗan. Goro ɗaci ne da bauri, amma dattijon da ya saba da shi zai ce maka ya yi daɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Zaƙi abu ɗaya ne takamaimai, wato abin da sukari da zuma da mazarƙwaila da raken Danja ke sa wa harshe. Abu na iya yin zaƙi ya rasa daɗi. Shayin da aka cika wa sukari har ya yi cakwai yakan ginshi mai sha tun bai kai rabin kofi ba.

Masana harshe sun daɗe da lura cewa waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya yi rubutu a kan irinsu a 1955, ya nuna cewa sigarsu ɗaya ce: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, ta biyu ta ƙare da wasalin "i". Daɗi, zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, ƙamshi, ƙarni, ƙauri, yauƙi, taushi, duk ma'auninsu ɗaya. Ana ninka gaɓar farko a sami siffa, a ce daddaɗa, zazzaƙa, tsattsama, jam'insu kuma daɗaɗa, zaƙaƙa, tsamama. Hausa ta ware wa abin da jiki ke ji rukuni guda, ta kuma raɗa wa kusan kowane ji sunansa. Akwai dai guda ɗaya da ta bari babu suna, kuma shi ne tushen gardamar nan.

## Abin da harshe ke ji, da wanda ba shi ke ji ba

Binciken kimiyya ya tsaya kan ɗanɗano biyar da harshe ke kamawa da kansa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar da za a zo kansa. Zanen nan da ake koya wa yara a makaranta, mai cewa bakin harshe ke jin zaƙi, can ciki kuma ɗaci, ba daidai ba ne. Duk inda ƙwayoyin ɗanɗano suke a kan harshe suna jin biyar ɗin.

Mafi yawan sauran abin da muke kira daɗin abinci hanci ne ke kawo shi. Yayin da ake tauna, ƙamshi na bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da abin da harshe ya ji. Mai mura na jin gishirin miya da tsaminta sarai, amma sai ya ce ta yi salam, domin ƙamshin daddawa da citta bai isa inda ake jin sa ba. Mutane da dama sun gamu da wannan a 2020, lokacin da cutar korona ta riƙa ɗauke wa wasu jin ƙamshi.

Yaji ma ba ya cikin biyar ɗin. Sinadarin da ke cikin barkono da attarugu yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta ne, waɗanda kan farka idan zafi ya kai wajen digiri 43. David Julius na Amurka, wanda ya gano haka, yana cikin mutum biyun da aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2021. Ashe wanda ya ce barkono ya yi zafi bai kauce ba. Wannan sinadari cikin mai yake narkewa, ruwa ba ya ɗaukar sa, shi ya sa kurɓin nono ke kashe raɗaɗin attarugu, ruwan randa kuwa sai dai ya yaɗa shi cikin baki.

Haka bauri. Abin da ke cikin ɗanyar kanya da goro da ganyen shayi yana kama yawu ya ɗauke masa santsi, sai baki ya bushe, harshe ya riƙa maƙalewa a ganda. Ganyen shayi da ya wuce minti biyar a tafasasshen ruwa yakan fara bauri, madara kuma na rage shi domin ita ce sinadarin ke kamawa a maimakon yawu.

## Daga ina zaƙin miya ya fito?

A 1908 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya bi diddigin ɗanɗanon romon da ake yi da wani ganyen teku a ƙasarsu, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke kawo shi, kuma bai yi kama da sauran huɗun ba. Ya sa masa suna umami. Da shekara ta zagayo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda a kasuwanninmu ake kira farin magi.

Mu kuwa muna da abin a tukunya tun kafin a raɗa masa suna a wani wuri, domin shi ne aikin daddawa. Ana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, awa goma sha biyu ko fiye har ɓawonta ya yi laushi. A surfa ta a turmi, a wanke a fitar da ɓawon, a sake dafa ta awa ɗaya zuwa biyu, a tsane, a zuba a kwando ko ƙwarya tun tana da ɗumi, a lulluɓe da ganye da buhu, a bar ta kwana biyu zuwa uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar, gulutamet ya fito fili. Alamar ta yi ita ce ta yi yauƙi, launinta ya yi duhu, warinta ya tashi. Idan sanyi ya shige ta, kamar a hunturu in ba a lulluɓe ta da kyau ba, sai ta fito da tauri, ko an zuba da yawa a miya ba a jin ta. In ta zarce kwanakinta warin ya hau hanci ya danne komai. In kuma ba a shanya ta ta bushe ba bayan an daka an mulmula, hunhuna ce za ta biyo baya.

Irin wannan ɗanɗano yana cikin naman da ya daɗe a wuta, da busasshen kifi, da nunannen tumatir, musamman wanda aka yanka aka shanya. Akwai kuma wani abu da masu girki suka sani da hannu tun kafin a bayyana dalilinsa. Nama da kifi na ɗauke da wani sinadari na daban wanda in ya haɗu da gulutamet yake ninka ƙarfinsa sau da yawa. Miyar kuka mai daddawa kaɗai tana da daɗinta, amma a jefa mata ƙashi mai ɗan nama ko busasshen kifi guda ɗaya, za a ji ta canza fiye da yadda girman abin da aka jefa zai sa a zata.

Da yake Hausa ba ta ware wa wannan ji suna ba, baki sai ya ari kalmar da ta fi kusa, ya ce zaƙi. A nan kowane ɓangare na gardamar yana da rabonsa na gaskiya. Masu cewa kuskure ne sun yi daidai da suka ce ba zaƙin sukari ake ji ba. Masu kare kalmar kuma sun yi daidai da suka ce akwai wani abu na musamman da suke nufi, wanda "daɗi" ta yi faɗi da yawa ta kama shi. A ganina aro ne, ba laifi ba ne a hira. Amma a rubutun girki da maganar asibiti ya kamata a bar wa sukari zaƙinsa, ɗayan kuma a faɗe shi yadda iyayenmu mata ke faɗa: miya ta ji daddawa, ta ji nama, romonta ya fita.

Kada kuma a manta akwai miyar da ke yin zaƙi na haƙiƙa. Kabewa a miyar taushe tana da sukarinta, haka tattasai, haka albasar da aka soya a hankali kan wuta kaɗan har ta yi ja.

Amfanin wannan rarrabewa a bakin murhu yake bayyana. Uwar miji ta ɗanɗana miyar amarya ta ce, "'Yar nan, miyarki ta yi lami," gishiri ne bai ji ba. In gishiri ya ji amma miyar ba ta zauna a baki ba, daddawa ko nama ko kifi ne ya yi kaɗan. In ta yi tsami, tumatir ne bai soyu ba, a bar shi a wuta har ruwansa ya ƙone mai ya taso sama. In ta yi ƙarni, ba a tafasa naman da albasa da citta da tafarnuwa ba tun farko. In gafi ne, wake ko ganye ne bai dahu ba. Cikin waɗannan biyar, biyun farko kaɗai magi ke taɓawa. Idan kuwa gishiri ya yi yawa, jefa dankali ba ya gyara shi yadda ake faɗa, domin dankalin ruwan miyar yake sha da gishirin tare. Abin da ke aiki shi ne a ƙara ruwa da kayan miyar da ba su da gishiri.

## Garɗi

Cikin kalmomin nan babu wadda ta fi garɗi fuskantar ɓacewa, kuma babu wadda asararta za ta fi ciwo. Garɗi shi ne daɗin da ake ji a soyayyiyar gyaɗa da aya da riɗi da kwakwa, da gasasshiyar masara, da madarar shanu da kindirmo, da furar da aka yi da gero mai kyau. Ba ya bugun harshe nan take yadda zaƙi ke yi. Sai an tauna ko an kurɓa yake fitowa, ya kuma daɗe a baki bayan an haɗiye.

Abu biyu ke haɗa shi. Na farko mai ne, wanda ke lulluɓe baki ya riƙe ƙamshi. Na biyu ƙamshin da ke fitowa idan wuta ta gasa abu har ya yi ja, abin da wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Wannan gasuwa ba ta kankama sai abu ya bushe zafi kuma ya kai wajen digiri 140. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100, don haka dafaffiyar gyaɗa, komai daɗinta, ba za ta yi garɗin soyayyiya ba.

Tsakanin garɗi da ƙauri tazara kaɗan ce. Mai suyar gyaɗa tana sa rairayi a kasko ne domin ya raba zafi daidai, kada gefe ɗaya ya ƙone gefe ɗaya ya rage ɗanye. Tiya ɗaya kan wuta madaidaiciya takan ɗauki minti ashirin zuwa talatin ana juyawa ba tsayawa. Alamar ta yi ita ce jan ɓawon ya saɓule idan aka murza da yatsu, cikinta ya yi ruwan ƙasa mai haske. A sauke ta kafin ta kai launin da ake so, domin zafin jikinta na ci gaba da gasa ta, a kuma baza ta a faifai ko tabarma, kada a tara ta wuri ɗaya. Wadda ba ta soyu ba gafi za ta yi, ƙuli-ƙulinta ma haka. Wadda ta zarce ta yi ɗaci, kuma ɗacin zai bi man da aka matse daga gare ta.

Man shanu ma haka yake. Ɗanyensa yana da ruwa a ciki, shi ya sa yake kumfa da ƙara idan aka ɗora shi. Sai ƙarar ta lafa, kumfar ta kwanta, gutsattsarin da ke ƙasa suka yi ja, albasar da aka yanka a ciki ta soyu, sannan ƙamshin ke fita. A nan ake saukewa. Wanda aka sauke da sauran ruwa ba ya daɗewa yake lalacewa ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro.

Kindirmo kuwa garɗinsa daga man da ba a cire ba yake zuwa. A tafasa madara, a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, a zuba cokali biyu zuwa uku na kindirmon jiya a kowace lita, a rufe, a bar ta awa takwas zuwa goma sha biyu. Da bazara takan kama da wuri, in aka bar ta ta wuce sai tsami ya danne garɗin, ruwa ya rabu ya hau sama. Da hunturu sai an lulluɓe ƙwaryar ko ta ƙi kamawa. Mai sayen nono a kasuwar Daura ko Mai'aduwa yana iya gane wanda aka tsawaita da ruwa da garin 'ya'yan kuka: yana da kauri, yana da tsami, amma da an haɗiye baki ya koma fayau. Yawan sukari shi ma yana binne garɗi. Fura, ko hura yadda muke faɗa a nan, in an cika mata sukari, mai sha ba zai bambance geron bana da wanda ya shekara biyu a rumbu ba.

## Lokacin da tsami da ɗaci ke zama daɗi

Kunun tsamiya da koko da zoɓo da miyar yakuwa duk don tsaminsu ake son su. Ɗata da gauta da shuwaka kuma don ɗacinsu, aduwa ma zaƙi da ɗaci ta haɗa. Abin lura shi ne gwargwado, kuma Hausa na nuna shi da ninka kalma: tsami-tsami, ɗaci-ɗaci, zaƙi-zaƙi, wato kaɗan, daidai inda abin ke daɗi.

Da aka ce kanwa ta kar tsami, gaskiyar kimiyya aka faɗa, domin kanwa kishiyar tsami ce, suna haɗuwa su kashe juna. Amma ɗan gutsure kamar ƙwayar wake, a jiƙa a tsiyaye ruwan, ya ishi tukunyar gida. In ta yi yawa miya ta yi duhu, ta riƙa ɗanɗanon sabulu. Gishiri kuma yana danne ɗaci, mai yana tausasa shi, shi ya sa kwaɗon zogale ko na tafasa ba ya cika sai da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri.

## Maiƙo, armashi da santi

Maiƙo shi ne man da ake gani ake kuma ji a abinci, kuma shi da zaƙi su ne suka fi saurin ginsar mutum. Armashi ba a harshe yake ba, ƙari ne da ke ɗaga daɗin da ya riga ya samu, kamar man shanu a kan tuwon dawa, ko yaji a kan ɗanwake. Lagwada sunan abincin ne da kansa idan ya haɗa komai. Santi kuma shaida ce daga mai ci, wato maganar da ke kuɓuce masa ko abin da yake yi ba da niyya ba saboda daɗi ya kai masa. Mai girki ta fi yarda da santi a kan yabo, domin yabo ana iya yin sa don kara.

## Inda ruɗanin ke taɓa lafiya

Likita ya ce wa mai ciwon sukari, "Baba, a rage zaƙi." Baba ya daina sa sukari a shayi, amma ya ci gaba da malmala uku ta tuwon shinkafa da dare, da burodi da safe, domin a bakinsa waɗannan ba su da zaƙi. Wani ma sai ya koma zuma ko dabino ko mazarƙwaila yana ganin ya tsira, alhali duk sukari ne. Hatsi da rogo da dankali jiki na mayar da su sukari bayan an ci. Hujjar tana cikin kunun zaƙi: tsiron hatsi ko dankalin Hausa da ake haɗawa da gasarar shi ke farfasa ta, kunun ya yi zaƙi tun ba a sa masa sukari ba. Irin wannan aiki yawu da hanji ke yi. Ba ana nufin a bar tuwo ba ne. Ana nufin mara lafiya ya tambayi likita adadin da zai ci da abin da zai haɗa da shi, kada ya bar wa harshe awon.

Harshe ma ana ruɗa shi. Sanyi na rage jin zaƙi, tsami kuma na ɓoye shi, don haka zoɓo mai ƙanƙara na iya ɗaukar sukari mai yawa ba a ji ya yi cakwai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, cokalin shayi goma sha biyu ke nan. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini.

Mai hawan jini kuma a ce mata, "Hajiya, a rage gishiri." Ta ajiye gishiri, miya ta yi lami, sai ta ninka magi, domin a wurinta magi kayan zaƙin miya ne, ba gishiri ba. Alhali kusan rabin dunƙulen magi, ko fiye, gishiri ne. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da na cikin magi da burodi da yajin tsire da kilishi. Abin da ke tayar da jini a gishiri shi ne sodiyam, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na gishirin girki. Farin magi na da kimanin kashi 12, kanwa ma tana da nata.

Hanyar da ta fi sauƙi ga gida ita ce a rage gishiri da magi kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu a karon farko, a cike gurbin da daddawa da busasshen kifi da tumatirin da ya soyu sosai, a ƙara citta da masoro da kimba da albasa don ƙamshi, a matsa ɗan lemon tsami inda ya dace. Wajen sayen daddawa a tambayi mai ita ko ta sa gishiri, domin wasu na sawa don kada ta lalace. Harshe kan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku, daga nan sai a sake ragewa. Ma'aikacin lafiya kuma, maimakon ya tsaya kan "zaƙi" da "gishiri", gara ya ambaci abubuwan da sunansu ɗaya bayan ɗaya: sukari, zuma, lemon kwalba da yawan tuwo ga mai ciwon sukari, gishiri, magi, farin magi da kanwa ga mai hawan jini.